Ranar da Na Ce Ba Gajiya

Manomi ya dawo daga gona da yamma, ƙafa duk taɓo, a ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya. Mace ta kwana tsaye a kan tukwanen biki, gari ya waye a gaishe ta, ita ma ta ce ba gajiya. Babu wanda zai ce sun yi ƙarya. Ladabi ne: ba ka ɗora wa mai gaishe ka kayan da bai zo ɗauka ba. Da wannan aka raine ni, kuma har gobe ina ganin kyansa. Sai dai akwai wata Asabar a watan Nuwamba da na ba da irin wannan amsar a bakin wani kogi a arewacin Wales, wani yaro ɗan shekara 21 ya biya kuɗinta da kafaɗarsa.

Ni mutumin tudu ne. Kogin garinmu yashi ne tsawon rani, sai damina ta yi nisa yake kawo jan ruwa ya ci gonakin bakinsa, kuma a gidanmu duk laifin da yaro zai yi da sauƙi in dai ba a gan shi a bakin kududdufi ba. Ban koyi iyo ba sai da na haura talatin, bayan karatu ya kai ni Ingila. Hunturun farko ya yi mini nauyi. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, daga ɗakin karatu sai ɗakin kwana, ba zaure ba dandali. Wani da muke ofis ɗaya ya ga halin da nake ciki, ya ja ni ƙungiyar masu tuƙa kayak ta jami'a, waɗanda ke haɗuwa kowane daren Alhamis a wurin ninƙaya mai ruwan ɗumi. Mutane na je nema. Ruwan daga baya ya shiga raina.

Kayak ɗan kwale-kwale ne na mutum ɗaya. Na kogi da roba mai tauri ake yin sa, tsawonsa wajen mita biyu da rabi, nauyinsa kilo ashirin ko fiye kaɗan. Zama ake yi a cikinsa ƙafafu a gaba, gwiwoyi a tokare da gefe, har ya zama kamar wandon da ka sa. Akwai wani siket na roba da ake sawa a ƙugu a ɗame bakin jirgin da shi don kada ruwa ya shiga, a gabansa kuma da ɗan maɗauki na igiya: in ka kife ka rasa yadda za ka yi, shi za ka ja ka fito. Mafarautan Inuwit na ƙasashen ƙanƙara su ne asalin wannan jirgi, su ne kuma suka gano dabarar juyi, wato mutum ya kife kansa a ƙasa, ya share saman ruwa da filafili, ya murɗa ƙugu, ya dawo sama bai bar mazauninsa ba. Wata bakwai na yi kafin juyina na farko ya tashi.

Kogi kuma wata makaranta ce daban. Masu wannan harka sun raba ruwa daraja shida: ta ɗaya mai tafiya a hankali, ta uku raƙuman ruwa da duwatsun da sai ka san hanya, ta shida kuwa ko gwanaye ba su cika taɓa ta ba. A shekara guda na bi 'yan koguna masu daraja ta biyu, na fara gane rubutun da ke kan ruwa. Bayan kowane babban dutse ruwa yakan lafa har ya juya baya. Nan ne mafaka, kuma kogi mai gudu daga mafaka zuwa mafaka ake saukarsa, kamar wanda ruwan sama ya tare a cikin gari yana gudu daga wannan zaure zuwa wancan. Inda ruwa ya zubo ta kan dutse ya naɗe ya koma kansa, nan ne rami, yana iya riƙe jirgi da mai shi ya yi ta juya su. Farar kumfar da ke ba kogi kyau rabinta iska ce, ba ta ɗaukar mutum, ba ta riƙe filafili. Abin da ya fi wuya shi ne yawancin ƙa'idojin sun saɓa wa abin da jiki ke so. In ruwa ya kai ka kan dutse a kaikaice, jikinka zai ce kauce, alhali jingina za ka yi ga dutsen ka rungume shi, don in ka karkata baya ruwa zai hau gefen jirgin ya kifar da kai. In ka tsinci kanka tsundum, jikinka zai ce tsaya da ƙafarka, alhali nan ajali yake: ƙafa ta maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya danne mutum ruf da ciki, ko da zurfin bai wuce ƙugu ba. Kwanciya ake yi rigingine, ƙafafu a gaba kuma a sama. Duk wannan na haddace shi.

Tafiyar ta ƙarshen mako ce, mu goma sha huɗu, ƙaramar bas da tirela cike da jirage. Muka sauka daren Juma'a a wani masaukin matafiya kusa da garin da ake kira Bala, sunan da ya sa na ji kamar gidan ɗan'uwa na zo. Kogin da muka nufa, Tryweryn, daga madatsar ruwa ta Llyn Celyn yake fitowa. Ranar da aka buɗe masa ƙofa, wajen tan goma na ruwa ke zubowa kowane sakan cikin kwari mai duwatsu, shi ya sa ake samun ruwa a cikinsa ko lokacin da sauran koguna suka janye. A nan aka yi gasar duniya ta wannan wasa a 1981. Sashen sama daraja ta uku ne, gajere, da hanyar ƙafa a gefensa, don haka akan sauka, a koma sama da mota, a sake sauka. Wannan sauƙin ya yaudare ni. Na ce a raina ai kogin famfo ne, mutum ke buɗe shi mutum ke rufe shi.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne kwana biyu ban yi barcin kirki ba, ina fama da babin da malamina ke jira, ga mura ta fara kama ni. Saukar farko ta yi daɗi ƙwarai. Akwai wani wuri a farkon sashen da masu tuƙi suka laƙaba wa suna Maƙabarta, kuma duk wanda ya ga duwatsun da ke tsaye birjik a tsakiyar ruwan ba sai an yi masa bayani ba. Na ratsa shi mafaka bayan mafaka, na kife sau ɗaya can ƙasa, juyina ya tashi, abokai suka yi mini tafi da tafin hannu a kan jiragensu. A sauka ta biyu na sake kifewa a wurin da bai kai ya kawo ba, sai a gwaji na biyu na tashi. Ruwan bai kai digiri goma ba. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi, kuma yatsu ne ke fara sallamawa. Da muka fito cin abinci na zo haɗa Azahar da La'asar a bayan bas, sai na ga na kasa ɓalle maɓallin hular kwanona sai da na haɗa hannu biyu.

Jagorarmu mace ce, ma'aikaciyar jinya, ta girme ni da 'yan shekaru. Kafin sauka ta uku ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta yi da safe. Ta zo kaina ta ce, "Yaya jikinka? Ka gaji? Hannuwanka fa?"

Na ce, "Lafiya lau. Ban gaji ba."

Ta ɗan tsaya tana kallona. Na yi murmushi. Ta wuce.

Na sha tambayar kaina me ya sa. Akwai sabo, bakina ya riga tunanina. Akwai kara: mutane sun ɗauko ni a motarsu, sun ara mini kaya, ban so in zama wanda zai rage wa tafiya armashi ba. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi. Ni kaɗai ne baƙar fata a ƙungiyar, ni ne babba a cikin ɗaliban, kuma a gabana wata yarinya da ba ta kai ƙanwata ba ta ce a shirye take. Faɗuwar gaba asarar namiji, haka muka taso muna ji. Wani ɗan shekara sha tara kusa da ni ya ce shi ya ƙoshi haka, zai bi hanyar ƙafa ya ɗauki hotuna, ba wanda ya ko ɗaga kai. Na gani da idona ƙofar a buɗe take, na ƙi bi.

A bakin Maƙabarta na rasa mafaka ta farko. Filafilin ya yi mini nauyi, bugu biyun da ya kamata in yi da ƙarfi suka zo a makare, ruwa ya wuce da ni. Na rasa ta biyu. Sai ga dutse a hagu, jirgina a kaikaice, kuma duk abin da na haddace ya watse: na kauce masa. Kafin ƙiftawa da bismilla ina ƙarƙashi.

Wanda bai taɓa shiga ba zai zaci shiru ne a can. Ƙara ce kamar ta injin niƙa, ruwan launin shayi, kumfa na wucewa ta gaban ido, hular kwano na ƙwanƙwasar duwatsu. Na shirya filafili na gwada juyi, kaina ya fito na shaƙi rabin numfashi na koma. Na sake, ko fitowa ban yi ba. Na saki filafili na kai hannu ga maɗaukin siket, ina jin sa a tafin hannuna amma yatsuna suka ƙi rufewa a kansa. Bai wuce sakan uku ko huɗu ba, amma ban taɓa ganin lokaci mai tsawonsa ba. Na yi salati a zuci, na zura wuyan hannuna cikin maɗaukin na fizga, na tura da gwiwa, na fito.

Rigar kariya ta ɗago ni. Sanyi ya shaƙe ni, numfashi yana fita guntu-guntu ba da izinina ba. Ƙafata ta taɓa ƙasa, jikina ya ce tsaya, sai na ji muryar jagora daga wani wuri tana ihu, "Ƙafa sama! Ƙafa sama!" Na kwanta. Duwatsu suka yi ta dukan ƙuguna da bayana.

Yaron da ke biye da ni ɗalibin injiniya ne, shekararsa ta biyu a kogi kamar ni, ya ɗan fi ni hannu. Ya baro mafakarsa ya biyo ni, ya juyo mini da bayan jirginsa yana cewa in kama. Na rataya hannu a maɗaukin baya. Mutum mai kilo tamanin da ruwa ya cika wa kaya, jan sa da kayak kamar jan buhunan siminti ne. Ya yi ta bugu yana neman gaɓa, nauyina ya juya shi a kaikaice daidai bakin wani rami. Ya miƙa hannu sama da baya ya tokare da filafili don kada ya kife, irin tokarar da ake hana mu tun a wurin ninƙaya, ruwan ya ja filafilin. Ƙarar da ya yi na ji ta duk da rurin kogin. Na sake shi. Wani mutum daga wata ƙungiya, ban taɓa ganinsa ba, yana tsaye a gaɓa, ya ƙwala mini kira ya jefo igiya ta faɗo a ƙirjina. Na rungume ta na juya rigingine, ruwan da kansa ya yi lilo da ni zuwa gefe. Yaron kuwa jagora da wani ne suka fito da shi can ƙasa, hannunsa na dama a sake, kafaɗar ta goce daga gurbinta. Aka naɗe shi da bargo, aka ɗaure hannun, mota ta tafi da shi asibiti.

Da daddare jagora ta same ni a kicin ina wanke kwanukan da ba ni na ɓata ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in ba ta labari daga farko. Na fara daga dutsen, ta ce a'a, daga farko. Sai na faɗi rashin barcin, da murar, da maɓallin hula. Na kuma gwada yi mata bayanin gaisuwarmu, yadda a wurinmu ba a amsa tambayar gajiya da na gaji. Ta saurara har ƙarshe, ta ce al'ada ce mai kyau. Sannan ta ɗebo cokula ta jera su a kan tebur.

"Wannan kai ne. Da ka ce mini hannunka ya mutu, ko dai ka huta, ko in sa ka nan, daidai bayana, in sa wanda ya fi kowa ƙwarewa a bayanka, in tsayar da mutum da igiya a nan. Ka ce lafiya lau, sai na kai gwanayen wajen sababbin nan biyu, na bar maka yaron da bai taɓa jan mutum a ruwa irin wannan ba. Ni ba gaishe ka nake yi ba, lissafi nake yi. Ba ni da ma'aunin da zan sa a jikinka, sai abin da ka faɗa mini."

Ta ƙara da cewa ita ma tana da nata kason, don ta ga fuskata ta yi shakka, ta bar murmushina ya rinjaye ta. Wannan ya fi faɗa zafi. Ina ganin cokulan nan har yau. Ni a zatona kaina kaɗai na saka a haɗari, kuma kaina nawa ne. Ashe amsata ta shiga tsarin tafiyar gaba ɗaya, ta ɗauke gwani daga wani wuri ta ajiye yaro a wurinsa.

A cikinmu akwai wani dattijo ɗan Wales, tsohon malamin makaranta, ya fi shekara arba'in a koguna. Yaran da sunansa suke kiransa gatsal. Ni bakina bai iya ba, sai na riƙa ce masa Malam, na fassara masa, ya karɓa. Da sassafe ranar Lahadi ya ga na idar da salla na zauna a waje, ya ce in shiga mota. Ya kai ni kan madatsar. Tafkin a kwance, hazo a kansa. Ya nuna can ciki ya ce akwai ƙauye a ƙasa, Capel Celyn, masu magana da harshen Wales: makaranta, da ɗakin ibada, da gidan waya, da gidaje da gonaki goma sha biyu. Birnin Liverpool ne ya nemi ruwa, majalisar Birtaniya ta amince a 1957, alhali ko ɗaya daga 'yan majalisa 36 na Wales bai goyi baya ba. Mutum 48 suka rasa muhallinsu, aka buɗe tafkin a 1965, Liverpool ba ta nemi gafara ba sai 2005. Ya faɗi wannan a hankali, kamar mai ba da labarin rasuwa a danginsa.

Bussa ta faɗo mini. Na ba shi labarin tsohon garin da tafkin Kainji ya shanye bayan an gama madatsar a 1968, da duwatsun ruwan da Mungo Park ya halaka a cikinsu a 1806, waɗanda su ma yanzu suna ƙasa. Ya jinjina kai. Na kalli ruwan da jiya na kira na famfo, na ji kunya ta biyu. Wasan da muka zo yi daga kan gidajen mutane yake gangarowa, numfashin da nake shaƙa a safiyar nan kuma kafaɗar wani ce ta saya mini. Malam bai ce komai game da jiya ba har muka koma.

Ranar a kogin Dee muka yi ta, sama da garin Llangollen. Muka shiga ƙasa da wata madatsa mai siffar kofaton doki da injiniya Thomas Telford ya tsara a farkon ƙarni na 19, muka wuce ƙarƙashin Gadar Sarƙa, sai jagora ta ɗaga filafili, kowa ya nemi mafaka. Gabanmu Wutsiyar Maciji ce, inda kogin mai faɗi ya matse gaba ɗaya ya bi wani siririn lungu tsakanin duwatsu ya lanƙwasa. Muka fito muka hau dutse muka duba. Na ga hanyar sarai, na kuma san a ranar da nake da ƙarfi zan iya gwadawa. Amma bayana yana ciwo, cikina yana ƙugi tun kafin in shiga.

Jagora ta zo kaina. "Yaya?"

Na ce, "Na gaji, kuma ina jin tsoro. Zan zagaye."

Ta ce, "Madalla. In ka ajiye jirgin, ɗauki igiya ka tsaya can ƙasa. Ina buƙatar mutum a wurin."

Shi ke nan. Maganar da na ɗauka in na furta ta ƙasa za ta tsage in shige ba ta ci sakan biyar ba. Na saɓa jirgi a kafaɗa na bi duwatsu masu santsi, da na waiwaya sai ga Malam a bayana da nasa a kafaɗa. Ya ce yau bai ji abin a jikinsa ba. Mutumin da ya fara sauka wurin nan tun ba a haifi yaran ba.

Kakanninmu sun riga sun raba wannan gardama, ni ne ban saurara ba: tsoro na daji, kunya na gida. Na ɗauki kunyar gida na kai ta daji. Duk lokacin da na ji labarin kifewar jirgi a kogin Neja, irin na Kebbi a watan Mayun 2021, ko na yankin Patigi a Kwara a watan Yunin 2023 inda fiye da mutum ɗari suka rasu suna dawowa daga biki, zuciyata takan tafi ga mintin da ya gabaci tashi. Talauci da rashin hanya da rashin rigunan kariya su ne manya, kuma ba na ɗora wa mamata laifi, Allah Ya jiƙan su. Amma nakan raya wani a cikin taron, wanda ya ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, gabansa ya faɗi, ya dubi surukai da maƙwabta, ya ji nauyin ya ce a rage kaya ko shi ya sauka. Na san wannan nauyin. Na ɗauke shi, kuma ni igiya da riga da mutanen kirki ne suka tsaya tsakanina da sakamakonsa.

Minti arba'in na yi a kan dutsen nan. Igiyar mita ashirin ce a cikin 'yar jaka. Na zaro ƙarshenta na riƙe a hagu, jakar a dama, ba a naɗa ta a hannu ko a ɗaura a jiki, don in ruwa ya fi ƙarfinka ka iya saki. Malam ya tsaya a bayana ya kama kafaɗun rigata, saboda mai jefa igiya ma ruwa na iya fizgarsa. Suka riƙa ɓullowa daga lanƙwasar ɗaya-ɗaya, fuska a jiƙe, ido a waje, kowanne kafin ya nemi mafaka sai ya kalli inda muke. Biyu sun kife, dukansu juyinsu ya tashi. Igiyar ba ta bar jakarta ba. Da na ƙarshe ya wuce na cusa ƙarshen a ciki, muka koma jiragenmu.

Na isa ɗakina bayan Isha'i na kira gida. Umma ta ɗauka, muka gaisa, ta ce, "Ya gajiyar tafiya?"

Amsar da ta saba fitowa ta zo har kan harshe. Na ce, "Umma, akwai gajiya."

Ta yi shiru. Sannan ta ce, "Me ya faru?"

Na faɗa mata duka. Na zaci za ta tuna mini ta hana ni ruwa tun ina yaro, sai ta yi hamdala ta wuce wurin. Ta ce yaron ɗan wa ne, iyayensa na kusa? Na ce suna wani gari mai nisa. Ta ce to wa ke dafa masa, hannun dama ne fa. Na ce ban sani ba.

"Ba ka sani ba? Ɗan mutane ya ba da hannunsa saboda kai? Gobe ka dafa abu mai romo ka kai masa dubiya, ka zauna har ya ci. Kuma ka gaya masa da bakinka abin da ka gaya mini."

Washegari na yi farfesun kaza na zuba a kula na hau bas. Ya buɗe ƙofa da hagu, hannun dama a rataye a wuya, likita ya ce sai bayan wata uku zai sake taɓa filafili. Na zauna na faɗa masa tambayar da aka yi mini da amsar da na bayar. Ya daɗe yana juya cokali. Ya ce shi ma da ya hango ni a ruwa ya san bai taɓa jan mutum a wuri irin wannan ba, an koya masa mai ceto ya fara duba kansa, bai duba ba. Ya sha romon, yaji ya sa shi tari, ya ce in ƙara masa. Na ƙara, na yanyanka masa naman ƙanana yadda cokali zai iya ɗauka.